Muryar Kaka a Tsohuwar Laftof ɗin Baba

Zainabu, ƙanwar babanki, ta danna sau ɗaya, ta sake dannawa, sai na ga ta daina tauna goron da ke bakinta. Tun kafin ta ce uffan na san akwai matsala. Muna zaune ne a ɗakinta a gidan kakanki a Bawku, ranar Juma'a da hantsi, filash ɗina yana jikin kwamfutarta, ni kuma ina da cikinki wata biyar, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota tun daga Yendi.

"Rabi, me kika kwafo?"

"Duka. Duk abin da Baba ya ɗauka."

"Babu komai a nan fa, sunaye ne kawai. Kin ga 'yar kibiyar nan a gindin kowanne? Alama ce mai nuna hanya. Kamar allon bakin titi ne da aka rubuta sunan garin Garu a jiki. Allon kika tumɓuko kika kawo mana, garin yana can inda yake."

"To ina yake?"

"Cikin laftof ɗin mana. Ina kika bar ta?"

Na ce mata na bar ta a Yendi wajen mai gyara, kuma na ce masa ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki.

Ummi, ina rubuta miki wannan tun kina goye. Dalilina shi ne zango, unguwannin da mu Hausawa muke zaune a ƙasar nan, ba ya mantuwa. Wata rana za ki girma, ki je gidan biki a Salaga ko nan Bawku, wata ta kalle ki ta ce ai ke ce 'yar waɗanda aka taɓa rabawa aka ce wa da ƙanwa ne. Za ta faɗi rabi ta bar rabi. Na fi son ki ji shi cikakke daga bakina, har da wautar da na yi a ciki.

Gidanmu na asali yana Salaga, kakanninmu fataken goro ne. A gidan akwai wata al'ada da ba a wasa da ita: babbar tsohuwar gida ita ke riƙe da sanin wa ya sha nonon wa. Gida ne babba, ana haihuwa a kai a kai, uwa ta yi ciwo ko ta tafi kasuwa a miƙa jariri ga wadda ke da ruwan nono, ga shi kuma muna auren junanmu. Wanda kuka sha nono ɗaya kuwa ɗan'uwanki ne, babu aure tsakaninku har abada. Don haka ba a ɗaura aure sai an je an durƙusa gaban Kaka Hajara, mahaifiyar Babana, an tambaye ta. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba, duk a ka take riƙe da su. Ni mahaifiyata ta rasu ina da kwana tara. A lokacin Goggo Salamatu, ƙanwar Baba, ta zo gida wankan jego da ɗanta na fari, wanda shi ne babanki. Da Kaka ta tsufa, Baba yana koyarwa a Yendi, sai ya sayi wata laftof ta hannu. Duk hutu sai ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi Salaga, ya kife turmi a gaban Kaka ya ɗora ta a kai, ya ce ta yi magana. Ita kuwa "akwatin nan mai kunne" take ce mata.

Kaka ta rasu, Goggo Salamatu ta riga ta. Da maganar aurena da babanki ta taso, Baba ya ce shi ya tambaya tuntuni, babu komai, aka ɗaura. Wata bakwai bayan haka shi ma Allah ya karɓi abinsa. A wajen addu'arsa ne Goggo Lami ta iso, autarsu Baba, wadda aure ya kai ta can bayan Pusiga, ƙetaren iyaka, ta yi shekaru ba ta taka gida ba. Ta gan mu tare da babanki muna gaishe ta, ta tambayi ko wane ne, aka faɗa mata. Sai ta dafe ƙirji.

"Nuhu na Salamatu? Shi ne mijin Rabi? Innalillahi. Ni da idona na ga Yaya Salamatu da jarirai biyu a ƙirji, Nuhu a dama, jaririya a hagu. Wace jaririya ce ba ta da uwa a gidan nan in ba Rabi ba?"

Kada ki riƙe ta a zuciya, Ummi. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana faɗa tana kuka. Shekararta goma sha biyu lokacin da ta ga abin da ta gani. Liman ya ce maganar mace ɗaya ba ta warware aure, amma shakka in ta shiga gida ba a kwana lafiya da ita. Kakanki Baba Alhaji, mahaifin babanki, wanda lokacin haihuwarmu yana can kudu da shanunsa bai ga komai ba, ya ce in koma Yendi wajen Mma Asabe, matar Babana da ta raine ni, har sai an tabbatar. Ita ma Mma bayan shekara uku da haihuwata ta shigo gidan, ba ta da abin cewa. Duk wanda ya san gaskiya yana ƙasa. Abin da ya rage shi ne muryar Kaka a cikin laftof.

Mma ta naɗe laftof ɗin a sallayar Baba ta sa a ƙasan akwatinsa, ba ta ko son a taɓa. Na roƙa ta ba ni. In kin kunna ta sai ki je ki dama koko ki sha ki wanke kofi kafin ta farka, fankarta tana ƙugi kamar injin niƙa. In na yi sa'a ta buɗe, Kaka ta fara magana, ba a minti biyu sai ta ƙame, muryar ta maƙale a kan kalma ɗaya tana nanatawa har sai na zare waya. Kwana tara na yi ina wannan fama, ban wuce labarin jakunan ayari ba. Ranar da za a zauna a Bawku kuwa tana matsowa. A rana ta goma na saka ta a jaka ba tare da na gaya wa Mma ba, na kai ta shagon wani mai gyara da ke cikin kwantena a bayan kasuwa, Masa Fuseini, "Masa" kuwa laƙabin ubangidan sana'a ne a bakinmu. Badagombe ne, Hausarsa irin ta zango, mace da namiji duk "kai" ne a wajensa. Bai ma kunna ta ba, ya juya ta, ya hura ƙurar da ke gindinta.

"Amariya, wannan ya gaji. Sai an wanke shi, ya koma kamar ranar da ya fito daga kwali. Amma komai zai tafi, ka ji? Hoto, murya, takarda, komai. Ka je gida ka kwashe kayanka tukuna."

Na yi shiri irin na mai hankali, a ganina. Na sayi filash sabo. Na ɗauko littafin rubutu na jera sunan duk abin da ke fuskar kwamfutar, inda Baba ya tsara su layi-layi: Ayari, Rijiyoyi, Gado, Nono na ɗaya, Nono na biyu. Na ja su gaba ɗaya na zuba a filash. Kafin in ƙifta ido an gama. Kwamfutar da take shekara kafin ta buɗe ido, ta kwafe maganar shekara uku a ƙiftawa ɗaya, ni kuwa maimakon in tsaya in yi tunani sai na ce alhamdulillahi. Har gwadawa na yi, na danna ɗaya daga cikin filash, muryar Kaka ta fito. Ban san cewa ta fito ne don filash ɗin yana jikin uwarsa ba. Na yi sakandare, mun yi darasin kwamfuta, duk da yawancinsa a allo aka zana mana, kuma a gidanmu ni ake kira in waya ta rikice. Wannan ne ya hana ni tambayar kowa. Ranar Alhamis da safe na mayar wa Masa Fuseini, ina tunanin in na dawo in ba Mma mamaki da ita tana gudu.

"Ka kwashe?"

"Na kwashe."

"Naka ne, ko na wani?"

"Tawa ce."

"To. Yau da yamma, ko gobe da safe, zan wanke."

Wannan maganar ce ta dawo mini a ɗakin Zainabu. Yau da yamma ko gobe da safe. Yammar ta wuce, safiyar ma ta wuce. Na kira lambarsa, a kashe. Na sake kira har yatsana ya gaji. Zainabu ta ce in sha ruwa, na ture kofin gefe. Abin da nake gani a idona shi ne na kashe Kaka karo na biyu da hannuna, na kuma rufe bakin Baba, kuma ke da kike motsi a cikina za ki zo duniya ba a san sunan da za a kira auren iyayenki ba. Babu yadda zan yi, na kira Mma na faɗa mata komai.

"Rabi, kayan babanki? Kika fitar da shi daga gidan nan ban sani ba?"

"Mma, ki yafe mini."

"Yafiya tana nan, ba ta gudu. Ajiye waya in sa mayafi."

Ta tarar da kwantena a kulle da kwaɗo. Mai ƙosai da ke gefe ta ce tun asuba ya tafi ƙauyensu suna, ƙanwarsa ta haihu, can kuma waya ba ta kamawa. Mma, da ciwon gwiwarta, ta tare yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta ce a kai ta ƙauyen. Daga nan ita ma wayarta ta daina shiga.

Ban san yadda zan kwatanta miki wunin nan ba. Maza suka tafi masallaci suka dawo. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo ya huce a gabana. Goggo Lami, wadda ita ma ta zo don zaman, ta leƙo ta ga fuskata ta koma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babanki. Sati shida ke nan ba mu zauna wuri ɗaya ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ɗaga labule ba, ƙafafunsa kawai nake gani a ƙasa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Zainabu ta faɗa mini." Ya gyara tsayuwa. "Ba faɗa na zo yi ba. Na zo ne in gan ki, sai na iso nan na rasa da wane ido zan kalle ki."

Ya ajiye ƙwaryar fura a bakin ƙofa ya tafi. Wannan ne karo na farko da na yi kuka da sauti tun da abin ya fara.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara, lambar Mma, amma muryar namiji ce, da hayaniyar mata da kukan jariri a bayansa. Ashe akwai wani ɗan tudu a gidan sunan inda waya ke ɗan kamawa.

"Amariya! Kai ka yi mini ƙarya."

"Masa Fuseini, ka wanke?"

"Tsaya in gama. Na kunna shi jiya da yamma, ya daɗe, na je na sayi shayi na dawo. Ina zama sai ga hoton Afa Shu'aibu a fuska yana kallona." Afa shi ne malam a bakin Dagomba, Shu'aibu kuwa sunan Baba ne. "Mutumin nan shi ya koya mini Fatiha. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Ka ce mini naka ne?"

"Don Allah, ka wanke ko ba ka wanke ba?"

"Kayan mamaci ake wankewa da bakin yaro? Wa ya raba muku gado? Na rufe shi na sa a ƙarƙashin tebur, na ce sai babban gida ya zo da ƙafarsa. Ga babban gida ya zo, har ya ci shinkafar suna."

Na ji muryar Mma tana cewa ya ba ta wayar. Ni dai na zame daga bakin gado na zauna a ƙasa, Zainabu tana girgiza kafaɗata tana tambaya, ina ta ɗaga mata kai.

A ranar suka koma Yendi tare. Ya ciro abin da ke riƙe da ajiya daga cikin laftof ɗin, ya haɗa da tasa kwamfutar, ya kwafe komai a filash biyu, kuma Mma ta ce aikin ya ɗauki daga la'asar sakaliya har bayan magariba. Ya gwada kowanne a wata na'ura dabam a gabanta. Sai bayan wata biyu, da iznin Mma da na kawunnai, aka wanke ta. Da ita nake rubuta miki wannan, tana tafiya ba laifi. Amma washegarin kwafewar, ranar Asabar, Mma ba ta yarda da filash ba. Ta naɗe laftof ɗin a sallaya ta rungume a cinya, ta hau mota ta Gushegu da Nakpanduri har Bawku, filash ɗaya a lalitarta, ɗaya ɗaure a bakin zane. Da ta sauka ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin rame. Faɗanki yana nan na ajiye, sai kin haihu."

Sai dai murnar da na yi ba ta kai ko'ina ba, don samun muryar dabam, abin da muryar za ta faɗa dabam. Ba wanda ya taɓa jin wurin a cikinmu. Idan Kaka ta ce Salamatu ce ta shayar da ni, shi ke nan, da bakinta za a raba mu, kuma ni ce na yi ta wahalar kawo ta.

Ranar Lahadi da hantsi aka zauna a zauren Baba Alhaji. Liman yana kan buzu, Baba Alhaji a gefensa, babanki can bakin ƙofa kansa a ƙasa. Mu mata muna kan tabarma, Goggo Lami tana jan carbi da sauri. Zainabu ta ɗora kwamfutarta a kan kujera ta danna Nono na ɗaya. Aka ji zakara ya yi cara a Salaga, aka ji Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, bismillah." Mma ta rufe fuska da mayafi. Sai Kaka ta fara, ba ta gaggawa. Ta faro tun daga zamanin uwarta. Ta ratse ta shiga labarin wani da ya taɓa sayar wa mijinta goro jiƙaƙƙe a ƙasan huhu, ta ce mutumin Bawku ne, dama haka suke. Baba Alhaji ya yi dariya ba da niyya ba, ya ce, "Hajiya, ko a can ba ki bar mu ba." Na ɗaya ya ƙare ba a zo kanmu ba. Aka sa na biyu. Can wajen tsakiya sai Baba ya ce, "To Rabi fa, Inna?"

"Rabi? Ranar da uwarta ta cika, Salamatu ta miƙo hannu tana kuka ta ce a ba ta. Na ce a'a. Na ce ke kina da namiji a hannu, wannan mace ce, 'yar wanki. In kika sa ta a nono kin rufe ƙofar da ba ke kika gina ba. Wa ya san abin da Allah zai yi? Na saɓa ta a kafaɗa na tsallaka gidan Adisa, Bagonjiyar nan mai sayar da kifin garin Makango, tana goyon ɗanta na uku. Ita ta shayar da ita har yaye, kullum yarinya tana ƙarnin kifi. Ko ɗigo ɗaya na Salamatu bai shiga bakinta ba, ni nake kwana da ita."

"Amma an ce an ga Salamatu da biyu," in ji muryar Baba.

"Balaraba ce, ta Idi. Uwarta nono ya kumbura mata sati uku. Ita ce ƙanwar Nuhu, ita za ku kiyaye. Ka rubuta a akwatinka."

Zainabu ta tsayar. Goggo Lami ce ta fara magana.

"Balaraba. Wallahi an haife ta a daminar nan. Wallahi na manta da ita."

Liman ya ce a mayar baya a sake. Aka sake, ya karkata kunne har ƙarshe. Ya tambayi Baba Alhaji ko ya shaida muryar, ya ce ko a mafarki. Ya tambayi Goggo Lami ko ta ga fuskar jaririyar a lokacin, ta ce a'a, zato ta yi. Sannan ya juyo wajena, karo na farko tun da aka zauna.

"'Yata, wannan ta ga jaririya ba ta san ko wace ce ba. Wadda ta ɗauke ki da hannunta ta faɗi inda ta kai ki. Aurenki yana nan daram, bai taɓa motsi ba. Abin da ke cikinki ɗan halas ne. Ki kwantar da hankalinki."

Kafin in tashi, sai Goggo Lami ta rarrafo ta kama hannuna biyu tana cewa in yafe mata, ni kuma ina cewa babu komai, babu komai, ba na ma jin abin da nake faɗa. Ana cikin haka aka kira azahar. Baba Alhaji ya miƙe yana laluben takalminsa da ƙafa, ya dubi babanki da har lokacin bai ɗago kai ba.

"Kai kuma zaman me kake yi? Tashi ka ɗauko jakar matarka daga ɗakin Zainabu."